Yadda Kwamfuta Ke Jarraba Manhaja: Misali Daga Django

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake sa kwamfuta ta jarraba manhaja da kanta, kuma za a kafa misali da Django. Shi Django harsashi ne da ake gina shafukan intanet a kansa. An ƙirƙiro shi a ofishin jaridar Lawrence Journal-World ta jihar Kansas a Amurka, aka sake shi ga jama'a a 2005. A bisansa aka ɗora Wagtail, manhajar da editoci ke shigar da rubuce-rubuce su tsara su, wadda ta fito a 2014.

Abin da ake nufi da gwaji a nan shi ne ɗan gajeren umurni wanda ke bai wa manhaja aiki, sannan ya auna sakamakon da abin da aka sa ran gani. Idan an tashi gwaji, Django yakan buɗe wani rumbun bayanai na wucin gadi, don kada a taɓa na ainihi. Daga nan sai wani ɓangare nasa ya kwaikwayi mai karatu: ya nemi shafi, ya aika fom, a duba amsar da ta dawo. Da an gama sai a rushe rumbun. Akan maimaita wannan duk lokacin da aka yi gyara, saboda gyaran wani wuri kan ɓata wani.

Sai dai gwaji ba ya amsa tambayar da ba a yi masa ba, kuma a nan ne al'amarin ya shafi manazarcin harshe. Django yana da wani aiki mai suna slugify, wanda ke mayar da kanun rubutu adireshin shafi. A tsarinsa na asali, yakan cire wa harafi alamar da ke bisansa, watau é ta koma e. Amma ɓ da ɗ da ƙ haruffa ne masu zaman kansu, ba su rabuwa da lanƙwasarsu, don haka zubar da su yake yi ɗungurungum. Ke nan ɓari da ɗari da ƙari duk su zama "ari".

Tun 2015 akwai zaɓin da ke barin irin waɗannan haruffa yadda suke, amma sai an kunna shi. Wanda ya rubuta gwaje-gwajensa da kalmomin Ingilishi zalla, kwamfuta za ta shaida masa cewa kome lafiya lau. Gwaji guda mai ɗauke da waɗannan kalmomi uku ya isa ya tona matsalar.