Wa ke da ikon sauraren wayarka a Nijar?

Ranar 29 ga Mayu 2020, zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou, Majalisar Dokokin Nijar ta amince da dokar da ta ba hukuma damar sauraren kiran waya da duba saƙonnin intanet saboda tsaron ƙasa da yaƙi da ta'addanci. 'Yan adawa sun ƙaurace wa ƙuri'ar, suna cewa dokar ta taka sirrin sadarwa da kundin tsarin mulkin 2010 ya kare.

Babu mai musun buƙatar tsaro. A jihar Maraɗi, masu garkuwa da mutane a yankunan Madarumfa da Gidan Rumji ta waya suke cinikin kuɗin fansa. Inda gizo ke saƙa shi ne izinin sauraren: a dokar 2020, daga shugaban ƙasa yake fitowa, ba daga alƙali ba. Wannan ya kamata ya dami ɗan kasuwar Tasawa da manomin Mayahi, waɗanda cinikinsu da zumuncinsu duk ta waya suke tafiya.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya rusa majalisar da ke muhawara kan irin waɗannan dokoki. A Agustan 2024, da dokar soja, ba tare da muhawarar 'yan majalisa ba, aka buɗe kundin sunayen waɗanda ake zargi da ta'addanci.