Fatar Ƙarfe da Gudun Ƙwayoyin Zarra

Aikin na'urar hanzarta ƙwayoyin zarra shi ne ta ingiza ƙananan ƙwayoyi, kamar su ilektiron, har gudunsu ya kusanci na haske. Abin da ke yin ingizar kuwa wani kogon ƙarfe ne da akan cika da igiyoyin rediyo. Duk ƙwayar da ta shiga a daidai lokaci, sai igiyar ta ƙara mata ƙarfi, ta miƙa ta ga kogo na gaba.

Da fari da tagulla akan ƙera kogwannin. Aibin tagulla shi ne, yawancin wutar lantarkin da aka ba ta zafi take zama a bangon kogon. Don haka tilas a riƙa kunnawa ana kashewa, ko a rage ƙarfi, gudun kada ƙarfen ya lalace.

Asalin maganin ya samu ne a 1911, sa'ad da Kamerlingh Onnes ya gano a birnin Laidin na ƙasar Holan cewa zaiba, in an sanyaya ta zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri, lantarki kan ratsa ta ba tirjiya. Ƙarfen niyobiyam ma haka yake yi a wajen digiri 264 ƙasa da sifiri. Kogon niyobiyam da aka tsoma cikin ruwan hiliyam, hasararsa ta gaza ta tagulla ninki wajen dubu 100. Masana na Jami'ar Stanford a Amurka ne suka fara gwada irin wannan kogo a shekarun 1960.

Amma fa lantarkin ba ya shiga cikin ƙarfen. A wata siririyar fata ta sama yake gudana, wadda kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na silin gashi ba. Ƙura guda ko ɗan karce ya isa ya ɗumama wurin, kogon duka ya rasa halinsa nan take. Saboda haka yawancin ci gaban fannin a gyaran wannan fata aka same shi: gogewa da asid da lantarki, ɗauraya da tataccen ruwa mai ƙarfi, da harhaɗawa a ɗakunan da ƙura ba ta shiga. Da irin waɗannan dabaru aka gina European XFEL a Hambog ta Jamus, wadda aka buɗe a 2017 da kogwanni 768.

Bugu da ƙari, a 2013 Anna Grassellino da abokan aikinta na Fermilab suka bayyana cewa shigar da ɗan naitirojin cikin fatar niyobiyam kan rage hasara zuwa wajen sulusi. Da wannan hanya aka shirya kogwannin LCLS-II a Kalifoniya, wadda ta fara ba da hasken X a 2023.

Nauyin da ya rage shi ne tsadar sanyi, domin riƙe kogo a digiri 271 ƙasa da sifiri na cin wuta ƙwarai. Shi ya sa ake gwada shafa wa kogon haɗin niyobiyam da kuza, wanda ke aiki a digiri 269 ƙasa da sifiri. Wannan tazarar digiri biyu tana rage girman injin sanyaya matuƙa, har ana sa ran masana'antu su iya mallakar ƙananan na'urori irin waɗannan.