Wane Banki Ne Ya Fi Sauƙin Hulɗa Ga Mutumin Zango?

Duk wanda ya taɓa zuwa banki ranar Litinin da safe, musamman idan ta dace da ƙarshen wata, ya san abin da ake kira haƙuri. Ma'aikata sun zo ɗaukar albashi, tsofaffi sun zo karɓar fansho, 'yan kasuwa kuma sun kawo cinikin Asabar da Lahadi a cikin jakar leda. Tagogin biya shida ne, amma biyu kawai ke da mutum. Ni kaina na taɓa shiga wani reshe a Kumasi da ƙarfe tara domin in ciro kuɗin asibitin mahaifiyata, ban fito ba sai da aka yi kiran azahar, kuma hannu wofi, wai netwok ya ɗauke. Tun daga ranar nake kasa kunne idan mutanenmu suna hirar banki a majalisa ko bayan sallah, don in gane inda ya fi dama-dama.

Da farko dai akwai manyan tsofaffin bankuna, irin su GCB wanda aka kafa tun 1953, da ADB na manoma. Amfaninsu shi ne yawan rassa. Mai fataucin doya ko masara da ke zirga-zirga tsakanin Techiman da Tamale da Bawku zai sami reshe kusan duk inda ya sauka, kuma jama'a na ganin kuɗinsu ya fi zama lafiya a wurin. Sai dai yawan jama'a shi ke kawo tsawon layi, domin ma'aikatan gwamnati da yawa ta nan albashinsu ke biyowa. Sa'annan akwai waɗanda suka shigo daga waje, kamar Zenith da UBA da GTBank da Access masu tushe a Nijeriya, da Stanbic da Absa daga Afirka ta Kudu. Absa ɗin shi ne tsohon Barclays, wanda ya canza suna a 2020, ko da yake har yau tsofaffinmu Bakilis suke ce masa. Waɗannan sun fi ƙarfi a manyan birane, matasa kuma suna yabon aikinsu ta waya. Amma da zarar ka bar babbar hanya ka nufi ƙauye, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga tutarsu ba.

Ga 'yan kasuwarmu masu tsallaka iyaka, lissafin daban ne. Dillalin albasa a Adjen Kotoku, inda aka mayar da su daga Agbogbloshie a 2021, yana sayarwa da sidi amma manomin Galmi sefa yake so. Haka mai shanu a Tulaku da ke Ashaiman. Irin waɗannan su kan duba bankin da ke da rassa a ƙasashen biyu, kamar Ecobank mai hedkwata a Lome. Duk da haka da yawa har gobe sun fi yarda da ɗan canji na amana: a ba shi sidi a nan, ya buga waya, a biya sefa a can kafin la'asar, ba fom ba sa hannu. Hatsarin dai a fili yake, domin ranar da amana ta karye ba takardar da za a kai kotu.

To, amma babban ciwon kan mutumin Zango, ko wane banki ya shiga, shi ne maganar suna. Tun daga ranar 1 ga Yuli 2022 Babban Bankin Gana ya ce Ghana Card ne kaɗai katin shaida da za a karɓa a harkar banki. Nan fa aka yi ta. Mutum ɗaya, a makarantar allo Muhammadu ne, a takardar boko an rubuta Mohammed, a littafin banki Mahama, a katin kuma wani magatakarda ya sa Mahamadu. Na'ura ba ta san cewa duk mutum ɗaya ba ne. Sai a ce ka je ka yi rantsuwa a kotu, wani lokaci har da buga canjin suna a gazet ta gwamnati, kafin a sake maka kuɗinka na halal. Ranar haihuwa ma haka, domin iyayenmu da yawa ƙiyasi aka yi musu, kowace takarda da tata shekarar. Ga kuma shaidar wurin zama. A gidan haya mai ɗaki goma sha biyar, takardar wuta da sunan mai gida take zuwa, wani lokaci ma mai gidan ya rasu tun tuni. Lambar GhanaPostGPS da aka fito da ita a 2017 ta rage wannan wahala, amma ba kowane ma'aikaci ke wadatuwa da ita ba.

A nan ne bambancin reshe da reshe ke fitowa, kuma a ganina ya fi bambancin banki da banki. Reshen da ke kusa da Nima ko Aboabo, wanda ya ɗauki ɗan unguwa ko 'yar unguwa mai jin Hausa, zai warware cikin minti goma abin da wani reshen zai sa ka yi sawu uku a kansa. Na ga wata dattijuwa mai sayar da waakye tana tsaye da fom a hannu, ba ta jin Turanci, Tonancinta kuma na ciniki ne kawai, mai gadin ƙofa ne ya tausaya ya cika mata. Kuɗin da ke ƙugunta kuwa ya fi albashin wanda ya ƙi kallonta. Ban ga dalilin da zai hana bankin da ya buɗe reshe a tsakiyar Zango ya ajiye ko mutum ɗaya mai Hausa a teburin tambaya ba.

Bankunan karkara, waɗanda aka fara da na Agona Nyakrom a 1976, sun fi kowa sanin fuska. Manaja ya san ka, ya san rumfarka, wasu ma suna aiko ma'aikaci kasuwa ya karɓi ajiyar yau da kullum kamar yadda mai susu ke yi. Mai susu dai kowa ya san ƙa'idarsa, zubin kwana ɗaya a wata shi ne ladansa. Ƙarancin rassa ne matsalar bankin karkara, sai kuma ranar da kake son kuɗi mai kauri, a ce ka dawo gobe.

MoMo kuwa, wanda MTN ya fara a 2009, shi ne ya ƙwace wa bankuna kasuwar talaka, balle da aka haɗa layukan waya da juna a 2018. Harajin E-Levy da aka ɗora a Mayun 2022 kan kashi 1.5 cikin ɗari ya sa wasu suka ja baya, aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023, aka soke shi a Afrilun 2025. Abin da bai soku ba shi ne 'yan damfara masu kiran waya su ce sun turo kuɗi bisa kuskure.

Wani zai ce murmushin ma'aikaci ba shi ne lafiyar banki ba, kuma yana da gaskiya. A Agustan 2017 aka ƙwace lasisin UT Bank da Capital Bank aka miƙa ajiyarsu ga GCB. A Agustan 2018 aka narkar da bankuna biyar, ciki har da uniBank da Beige, aka yi Consolidated Bank Ghana. A 2019 aka rufe ƙananan kamfanonin bashi 347 a rana ɗaya, kuma can ne matanmu da yawa suka sa jarinsu saboda saurin biya da fara'a. Hukumar inshorar ajiya da ta fara aiki a wannan shekara ta tsayar da sidi 6,250 ga mai ajiya a banki, 1,250 ga mai ajiya a ƙananan cibiyoyi, wanda bai kai jarin buhunan albasa kaɗan ba.

Akwai abubuwa biyu da mutanenmu ke yawan tuntuɓe a kansu. Asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba ana ɗaukarsa ya yi barci, idan ya cika biyar a mayar da kuɗin Babban Banki, kodayake mai shi ko magadansa na iya nema. Sa'annan wanda aka rubuta a matsayin makusanci ba ya ɗaukar kuɗin mamaci haka kawai, ko da malamai sun gama rabon gado a zaure. Sai an kawo takardar izini daga kotu.

Idan kuma injin ATM ya zare kuɗi daga asusunka bai ba ka ba, ko ka ga an yanke abin da ba ka gane ba, kada ka tsaya ga ƙorafin baki. Ka rubuta, ka karɓi lambar ƙorafin, ka riƙe rasit. Ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2017 ta ba banki kwanakin aiki 20 ya warware maganar, in ya gaza kana da damar kai ƙara Babban Bankin kai tsaye. Ni sidi 500 ɗina da inji ya haɗiye sun kwana goma sha tara ina sintiri ana ce mini a yi haƙuri. Ranar da na miƙa takarda na ce a buga mini hatimi a kwafina, washegari da hantsi saƙon ya shigo.