Shin Ko Kun San? Leburorin Da Aka Ɗauka Na Shekara Biyu Suka Canza Wa Turai Kamanni

Shin ko kun san an taɓa yin sallar Idi a cikin babban cocin birnin Kolon na ƙasar Jamus? An yi fa! Ranar 3 ga Fabrairu, 1965. Ƙaramar Sallah ta zo, ɗaruruwan leburori Turkawa ba su da masallaci, sai masu kula da cocin suka buɗe musu wani ɓangare. Suka shimfiɗa dardumansu, suka ta da kabbara a ginin da tsawon hasumiyarsa ya kai mita 157.

To me ya kai Turkawa can? Neman abinci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Jamus ta Yamma sun farfaɗo, amma hannun da zai yi aikin ya yi ƙaranci. Ranar 30 ga Oktoba, 1961 aka ƙulla yarjejeniya da Turkiyya. Sharaɗin farko shi ne mutum ya yi shekara biyu ya tattara ya koma gida. Shekara biyu kacal! A 1973 Jamus ta rufe ƙofar ɗaukar sababbin ma'aikata, tana zaton za a watse. Ina! Da yawa suka aika aka kawo musu mata da 'ya'ya. Yau masu asalin Turkiyya a Jamus sun kusa miliyan 3.

Cikin yaran da aka kawo akwai wani ɗan shekara huɗu, mahaifinsa lebura ne a kamfanin motoci na Ford da ke Kolon. Sunansa Ugur Sahin. Kun gane shi? Shi da matarsa Ozlem Tureci ne suka kafa kamfanin BioNTech, wanda ya haɗa kai da Pfizer suka fitar da allurar rigakafin korona a ƙarshen 2020. Ɗan lebura fa!

Tsaya, ba mu bar Kolon ba. Yau birnin yana da katafaren masallaci mai hasumiya biyu, kowace mita 55. Wa ya zana shi? Paul Böhm, wanda mahaifinsa da kakansa suka yi suna wajen zana coci-coci. Tun watan Oktoba na 2022 ana kiran sallar Juma'a da lasifika a wurin, amma da sharaɗi: kada ya wuce minti biyar.

Irin wannan ta faru a Landan ma. Wanda ya zana babban masallacin Regent's Park, Frederick Gibberd, shi ne dai ya zana babban cocin Katolika na Liverpool. Filin masallacin kuwa musaya aka yi: Ingila ta ba da fili a Landan, Masar ta ba da fili a Alƙahira don gina coci. An gama masallacin a 1977.

Amma ginin da ya fi ɗaure min kai yana kan titin Brick Lane a gabashin Landan. Ku saurara da kyau. A 1743 Kiristoci 'yan gudun hijira daga Faransa suka gina shi a matsayin coci. A 1819 ya koma hannun 'yan ɗariƙar Methodist. A ƙarshen wancan ƙarnin Yahudawan da suka tsero daga gabashin Turai suka mai da shi wurin ibadarsu. A 1976 Musulmi 'yan Bangladesh suka saye shi ya zama masallacin Juma'a. Gini ɗaya, addini uku, kuma kusan duk wanda ya shige shi baƙo ne da ya zo neman mafaka ko neman na tuwo. Tabɗijam!

Shin ko kun san madatsar ruwa ce ta cika wasu biranen Ingila da 'yan Pakistan? A shekarun 1960 aka gina madatsar Mangla a yankin Mirpur. Ruwa ya cinye ƙauyuka masu yawa, mutum wajen 100,000 suka rasa muhalli. Da kuɗin diyya a hannu, dubbai suka bi 'yan'uwansu zuwa masaƙu da masana'antun Bradford da Birmingham. Har yau galibin 'yan Pakistan na Birtaniya can ne tushensu.

Mu leƙa tukunya. In ka shiga abin da Bature ke kira gidan abincin Indiya a Birtaniya, ka tambayi mai wurin daga ina yake. Yawanci zai ce maka Bangladesh, kuma daga yanki guda, Sylhet. Musulmi ne ke riƙe da mafi yawan waɗannan gidaje! A 2001 ministan harkokin wajen ƙasar, Robin Cook, ya tsaya a bainar jama'a ya kira kaza mai romon yaji da ake ce wa tikka masala abincin ƙasa na Birtaniya. Wani ɗan Pakistan mai gidan abinci a Glasgow, Ali Ahmed Aslam, shi ake yawan jingina wa ƙirƙirar ta.

Kek ɗin bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 90 a 2016 fa, wa ta gasa? Nadiya Hussain, Musulma mai ɗaure da ɗankwali, 'yar asalin Bangladesh.

A Jamus kuwa dona kebab ne sarki, ɗan'uwan shawarma. Naman da ake gasawa a jikin ƙarfe mai juyawa tsohon abincin Turkiyya ne, amma cusa shi cikin burodi da ganye don mai sauri ya ci yana tafiya, a Berlin ya yi kasuwa a farkon shekarun 1970. A Faransa kuma kuskus na Arewacin Afirka ya daɗe cikin abincin da Faransawa suka fi so.

Kada ku ɗauka Turai ce kaɗai ta canza. Baƙin ma ƙasar ta jefa musu tambayoyin da kakanninsu ba su taɓa yi wa malami ba. Ga ɗaya: yaya ake azumi a garin da rana ba ta faɗuwa? A Tromso ta ƙasar Norway, daga wajen 20 ga Mayu zuwa wajen 22 ga Yuli, rana na nan tsaye dare da rana. Wata biyu babu magariba! Da hunturu kuma makonni ake yi ba a ga fitowarta ba. Musulmin garin suka nemi fatawa, aka ce su bi lokacin Makka a irin waɗannan ranaku.

Wani masallacin ma tafiya ya yi da kansa. Ikon Allah! A 2010 aka harhaɗa shi a birnin Winnipeg na Kanada, aka ɗora a bayan tirela, aka sauke aka ɗora a jirgin ruwa, ya yi tafiyar fiye da kilomita 4,000 zuwa ƙaramin garin Inuvik, can arewa inda ƙanƙara ke mulki.

Ga wata tambayar: ya halatta mutum ya ci bashin banki mai kuɗin ruwa don ya sayi gidan zama, in babu wata hanya? Majalisar Fatawa ta Turai, wadda aka kafa a 1997 mai mazauni a Dublin, ta ce ya halatta bisa lalura a 1999. Malamai da dama suka ƙi yarda, har gobe ana gardamar. Ana cikin haka sai gwamnatin Birtaniya da kanta ta fitar da takardun sukuk, wato na zuba jari marasa kuɗin ruwa, na fam miliyan 200 a 2014, ƙasa ta farko a Yammacin duniya da ta yi haka.

Ko kabari sai da aka yi doguwar muhawara a kansa. Dokar Jamus ta saba cewa gawa sai a cikin akwati. Musulmi kuma likkafani suka sani. Shi ya sa shekara da shekaru Turkawa ke zuba kuɗi a asusun jana'iza don a mai da gawarsu gida a jirgi. Jihohi suka yi ta sassautawa ɗaya bayan ɗaya. Bavaria ba ta yarda ba sai a 2021.

Zaman dai ba duka ne zuma ba, wannan gaskiya ce. A 1993 masu ƙin baƙi suka cinna wa wani gidan Turkawa wuta a garin Solingen, mata da 'yan mata biyar suka rasu. A 2004 Faransa ta hana sa hijabi da sauran manyan alamomin addini a makarantun gwamnati. A Nuwamba 2009 kashi 57.5 cikin ɗari na masu ƙuri'a a Suwizalan suka amince a haramta gina hasumiyar masallaci. Ku canki nawa ce a faɗin ƙasar a lokacin. Huɗu. Huɗu rak! A ganina wannan tsoron ya fi ƙarfin abin da ake tsoro.

Masu son ƙwallo, ku matso. Ranar 26 ga Afrilu, 2021, ana tsakiyar wasan Leicester da Crystal Palace a gasar Firimiya, aka tsai da wasa don Wesley Fofana da Cheikhou Kouyate su sha ruwa. Buɗa baki a tsakiyar fili, duniya na kallo! Masu bincike na Jami'ar Stanford kuma sun gano cewa bayan zuwan Mohamed Salah Liverpool, laifukan ƙiyayya a yankin sun ragu da kusan kashi 16 cikin ɗari. Zidane da ya zura wa Brazil biyu da ka a wasan ƙarshe na cin Kofin Duniya na 1998? Ba ɗan baƙin haure ba ne, ɗan ma'aikaci ne daga Aljeriya, haifaffen Marseille.

Magajin garin Landan tun 2016, Sadiq Khan, ɗan direban bas ne daga Pakistan, kuma sau uku yana cin zaɓe. Rotterdam ta yi shekara 15 a hannun Ahmed Aboutaleb, ɗan limami daga Maroko. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi miliyan 3.9 a Ingila da Wales. A 2023 wane suna aka fi raɗa wa jarirai maza a can? Muhammad. Sama da jariri 4,600!

Alhazai da hajiyoyi, wannan taku ce. Kun tuna rumfunan nan farare masu kama da tantuna a tashar alhazai ta filin jirgin Jidda? Injiniyan da ya tsara su shi ne Fazlur Rahman Khan, haifaffen Dhaka, wanda ya tafi Amurka karatu a 1952 ya zauna. Shi ne kuma injiniyan dogon benen Chicago da a da ake kira Sears, mai tsawon mita 442, wanda ya yi kusan shekara 25 babu wanda ya kai shi tsawo a duniya. A Jidda ya rasu a 1982, a Chicago aka binne shi. In kun je aikin Hajji ko kun raka wani, ku ba na kusa da ku labarin.