Kashin Kaji Taki Ne, Amma Sai Ya Ruɓe

Ɗan'uwa manomi, kashin da ake sharowa daga akurki ya fi na shanu ƙarfi. To, amma fa ɗanyensa zafi gare shi. In ka zuba shi a gindin alayyafo ko tumatir, sai ya ƙone saiwar, shuka ta mutu.

Ga yadda za ka yi. Haƙa rami a inuwa. Zuba kashin tare da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, ka yayyafa ruwa. Riƙa juya shi duk mako 2. Kada ka sa toka, tana rage masa ƙarfi. Bayan wata 3, in ya yi baƙi, wari ya tafi, sai ka cakuɗa shi da ƙasa kafin shuka.

Kewaye lambun da danga saboda tonon kaji. Da ban ruwa, uwargida ba za ta rasa ganyen miya ba ko da rani.