Babi na Tara: Firgicin da Baki Ya Kasa Faɗa

Akwai maganar da ke ƙona mini rai duk sanda na ji ta: "Ai dama haka yake." Da ita ake rufe bakin duk wanda ya lura cewa wani baligi mai tawayar basira ya sauya hali.

A ce a Gangaren Tudu, cikin garin Keffi, akwai ɗan shekara talatin mai tawayar basira da ke ɗebo wa maƙwabta ruwa, kowa na tsokanarsa yana dariya. Ran nan aka yi ihun ɓarawo, matasa suka rufe shi da duka bisa kuskure. Raunukan sun warke. Amma ya daina bin wannan lungun, ya koma fitsarin kwance, in babur ya yi ƙara sai ya toshe kunne ya tsuguna. Wasu su ce shafar aljanu ce, wasu su ce wautar ce ta ƙaru. Ko kusa! Tabon firgici ne, irin wanda aka gani a jikin mutane bayan bam ɗin tashar Nyanya na Afrilun 2014, a wannan hanya tamu ta Abuja. Bambancin kawai, su sun iya cewa "ina mafarkin wuta", shi kuwa jikinsa ne ke magana.

Kada a ɗauka jahilcin unguwa ne kaɗai. Likitocin Amurka ba su sanya cutar tabon firgici a kundinsu na cututtuka ba sai 1980, bayan yaƙin Biyetnam. A 1982 kuma Steven Reiss da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwararru ma, da sun ji an ce mutum yana da tawayar basira, sai su jingina mata duk wata damuwarsa. Wai wanda bai fahimta ba bai ji zafi ba. Wa ya faɗa? Wanda bai gane dalilin dukan ba ai shi ya fi razana, don bai san ranar da za a sake ba.

Magani yana farawa da nisanta shi daga abin da ya cutar da shi, da tsayar masa da lokacin ci da barci. Sai zama da masanin halayya: gajerun jimloli, hotuna, maimaici.

Ni dai dabarar da ta fi burge ni ita ce EMDR, wadda Francine Shapiro ta fito da ita a ƙarshen shekarun 1980. Ba ta neman dogon labari. Mutum zai tuno abin kaɗan, idonsa na bin yatsan mai magani dama da hagu. In ya kasa, sai a riƙa taɓa bayan hannunsa, wannan sannan wancan, da izininsa, har tsoron ya lafa. Ƙwararre ke yi, ba a gwadawa a gida.

Ƙwayar barci irin su Valium kuwa, tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba wanda bai daɗe da shiga tashin hankali ba. Ɗaure mutum a mari ma ba sai na ɓata tawada ba.

Mai irin wannan ɗan'uwa ya fara da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi. Akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. A tafi da wanda ya san halinsa tun kafin abin ya faru, don shi likita zai fi yi wa tambaya.