Kada Zanen Alƙaluma Ya Ruɗe Mu

Sau da yawa idan muka kwafi zanen alƙaluma a Excel muka liƙa shi a wani shafi, da mun faɗaɗa ginshiƙi sai ya miƙe. Dalili kuwa, Excel na ɗaure zane da akwatunan da ke ƙarƙashinsa. Illar ta wuce muni: idan zane biyu na makin jarrabawa suka sha bamban a tsayi, ƙaramin bambanci sai ya zama kamar babba.

Maganin mai sauƙi ne. Mu danna zanen da maɓallin dama, mu shiga Format Chart Area, a Properties mu zaɓi "Don't move or size with cells". Daga nan, a Size mu ba kowane zane awo ɗaya, misali tsayi santimita 7.62, faɗi 12.7. Idan Word za mu kai shi, mu liƙa shi a matsayin hoto.